Muryar da Injiniya Ya Haddace

"Ka dube ni ka sake faɗa!"

Injiniya bai ɗago ba. Wayar abin sauraronsa kawai yake naɗewa yana cusawa a jaka.

"Na ajiye aiki, Auta. Maganarmu kuma... ki bar ta."

"Haka kawai? Shekara biyu, haka kawai?"

Ya ajiye makullin ɗakin a gaban kwamfuta, ya juya ya nufi ƙofa.

"Masoyina..." ta kira shi can ƙasan maƙoshi.

Ko waiwaye bai yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

A ɗakin adana waƙoƙi na wani ƙaramin gidan rediyo suka san juna. Waƙa dubu tara aka kwafo daga tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, babu mai suna ko ɗaya, sai lambobi. Manhajar da ta zo da kwamfutar kuwa sai an yi ta lallashi kafin ta buɗe, in ta buɗe ta cakuɗa komai. Injiniya ne ya cire ta ya sa wata, marar kwalliya, baƙin allo da layi-layi.

"Wannan ai takardar sakamakon asibiti ce," Auta ta ce a ranar, tana yatsina fuska.

"Ba ta da kyau, amma ba ta mantuwa. Ba kamar wasu ba."

"Su wa ke nan?"

"Masu manta gaida injiniyoyi da safe."

Daga nan aka fara. Shi ya saurara ya faɗi mawaƙi da irin kiɗan, ita ta rubuta a gurbinsu. Abin sauraro ɗaya suke rabawa, kunne ɗaya nasa, ɗaya nata. Kafin su kai waƙa ta dubu uku, har ya je ya gaida Umma, mahaifiyarta.

Yanzu ga kujerarsa babu kowa.

Sati uku tana buɗe ɗakin ita kaɗai. Wayarsa a kashe. Takan kunna waƙa ta juya za ta ce, "Wannan fa wane ne?" sai ta ga bango. Kofin shayinsa na nan a gefen lasifika, ta hana a ɗauke. Abinci ma sai Umma ta tsaya a kanta.

Wata safiya mai gabatar da shirin safe ya shigo, yana ƙamshin turare. Ya daɗe yana binta, ta daɗe tana kauce masa.

"Kin rame, gimbiya. Duk a kan kurma?"

Hannunta ya tsaya a kan linzamin kwamfuta.

"Wane kurma?"

Ya yi 'yar dariya, sannan ya gane ya yi suɓul da baka. Ta miƙe ta tare ƙofa.

"Wallahi ba ka fita sai ka gaya mini!"

A daddafe ya faɗa. Takardar likita Injiniya ya manta a injin kwafi: kunnen dama ya tafi, na hagu na binsa. Shi kuma ya ɗauka ya kai wa Yayanta. Yaya ya samu Injiniya ya ce in yana ƙaunarta ya ja da baya.

"Don amfaninki na yi..."

"Fita."

Ta zube a kujera. Ashe shi ya sa kullum yake zama ta damanta, yana ba ta kunnen hagu. Ashe ranar nan ba share ta ya yi ba... bai ji ta ba ne!

Idonta ya faɗa kan allo. Akwai wani layi a ƙarshe da ke ƙirga sau nawa aka kunna kowace waƙa, bai taɓa damunta ba. Ta danna kansa, jerin ya juye, wadda aka fi ji ta hau sama.

Ba waƙa ba ce.

Muryarta ce, ranar da suka gwada sabon makirfo, tana karanta sunayen mawaƙa tana tuntsira dariya. Minti uku kacal.

Sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

A gurbin sharhi ya rubuta: "Dariyar tana minti na biyu. Ya Allah ka bar ni in haddace ta kafin shiru ya zo."

Ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ta yi sati uku tana haɗiyewa.

A tsakar gida ta samu Yaya yana wanke babur, Umma na shanya.

"Yaya, me ya sa?"

Bai yi musu ba. "Don ina sonki. Gobe yaro ya yi kuka ba zai ji ba. Ki kira shi daga ɗaki ba zai amsa ba. Za ki iya?"

"In yaro ya yi kuka ni zan ji. In bai amsa ba, in tashi in je. Ƙafata lafiya lau!"

"Yarinta ke damunki..."

"Babba." Umma ce ta kira Yaya, ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ubanku shekara shida yana kwance, ni ke juya shi. Ka taɓa jin na ce na yi asara?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ka yanke hukunci a bayan idona, ka bar mini 'ya tana ƙarewa. Ɗauko makulli ka kai ta. Kuma kai za ka fara ba shi haƙuri."

A shagon yayar Injiniya suka same shi, yana gyaran wata rediyo. Ya yi baƙi, ya faɗa. Yaya ya riƙe hannunsa ya faɗi abin da zai faɗa, sannan ya koma jikin babur.

Auta ta zagaya ta hagunsa ta zauna.

"Saura waƙa dubu biyar babu suna. Wa ka bar wa?"

"Auta, likita ya ce shekara biyu. Wataƙila ba ta kai ba."

"Shi ne ka zubar da sati uku?"

"Ba na son ki wayi gari kina magana da bango..."

"Na riga na gwada. Ba daɗi." Ta kamo hannun rigarsa. "Sau ɗari huɗu ka ji ni a kwamfuta, ga ni da raina kana guduna? Haba masoyina!"

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

"Sake faɗa," ya ce. "A hankali."

Ta matso daf da kunnensa ta sake faɗa.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, Yaya ne ya fi kowa zirga-zirga. Injiniya ya koma kujerarsa. Kunnen hagun ya yi musu kara, ya kai shekara biyu da rabi.

Randa suka zo waƙa ta ƙarshe, shi bai ji ta ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan lasifika, ya lumshe ido, kiɗan na motsi a ƙarƙashin yatsunsa.

"Ganga biyu ce," ya ce. "Na yi daidai?"

Ta kamo fuskarsa ta juyo da ita, don ya ga bakinta.

"Ka yi daidai."