Girki a Gidan Maƙwabciya

Wata huɗu ke nan Gimbiya ba ta hura wuta a gidanta ba. Mijinta ɗan kwana-kwana ne. Tun ranar da ya shiga wani bene mai ci da wuta ya fito da yarinya a hannu babu rai, ya zama baƙo a gidansa. Da an kunna risho ya ji ƙauri, sai jikinsa ya ɗau rawa, gumi ya karyo masa. Ita kuwa ba ta ce masa komai ba, ta kwashe tukwanenta ta koma girki gidan maƙwabciya. Ta fita da safe, ta fita da yamma, ta dawo da kular abinci, su ci.

Ran nan ta shigo ta tarar da Inna, uwar mijin, a falo.

"Sannu da yawo! Mijinki na zaune yana kallon bango, ke kina bin gidajen mutane!"

"Inna, wallahi girki na—"

"Rufe min baki! Gidanki ba kicin?"

Ta dubi mijin ko zai tare mata. Bai ɗago ba, ya ce, "Inna, ƙyale ta. In tafiya take so, ba zan riƙe ta ba."

Gimbiya ta shiga kicin ɗin nan mai sanyi ta yi kuka har ta gode Allah, ba mai ce mata yi shiru. Da gari ya waye ta ɗauko takardar da ofishinsu ya ba shi ta ganin likitar da ke sauraron masu damuwa.

Inna ta yi tsalle ta dire. "Likitar mahaukata? Ɗana lafiyarsa ƙalau!"

Gimbiya ta durƙusa gabansa. "Zuwa ɗaya tak, Oga. Bayan nan in ka ce in tafi, zan tafi."

Da ƙyar ya yarda suka je. Ɗakin likitar ƙarami ne, kujeru uku da fanka mai ƙara. Likitar, dattijuwa mai tabarau, ta ce dokarta ɗaya ce: in ɗaya na magana, ɗaya ya kama bakinsa.

Ya daɗe yana murza hularsa. "Ba ta iya zama da ni, likita. Kullum sau biyu take gudu. Na san abin da take gani in ta kalle ni — mutumin da ya makara."

"Gudu?" Gimbiya ta manta da doka. "Hayaƙi nake kai maka nesa! Ƙaurin ne ba ka so!"

Ya zura mata ido. "Don ni ne?"

"To don wa?"

Likita ta ce, "'Yata, kin taɓa gaya masa?" Ta girgiza kai. "Kai fa, ka taɓa tambaya? To ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ta labarin yarinyar nan ta gobara."

Ya fara, har launin takalmin yarinyar sai da ya faɗa. Ya yi kukan da bai yi ba wata huɗu, tana riƙe da hannunsa.

Ba a rana ɗaya ya warke ba, sai da suka yi wata shida suna zuwa. A zuwa na biyar Inna ta biyo su tana mita, ta fito tana share ido da gefen mayafi.

"Ki yafe min, 'yar nan. Ashe jinya kike yi ina zaginki."

Haƙurin Gimbiya ya riƙe aurenta, amma da ta ci gaba da yin sa a ɓoye, da shi zai kashe auren. Yarana, in za ku yi wa masoyi alheri, ku buɗe baki ya san dominsa ne.