Abin da Na Taras a Bakin Kibod

Gab da magariba na je shagon yayana Sahabi, mai gyaran kwamfuta a bakin hanyar Ƙonni, don in ƙarasa aikina na kammala makaranta. Ran Litinin zan kare shi gaban malamai. Na riga na faɗi sau ɗaya, in na sake faɗuwa kora ce.

Direba nake rubuta wa kibod, wato ɗan tsarin da ke sa kwamfuta ta ji maballin da aka danna tun tana farkawa, kafin komai ya tashi. Yana cikin filas ɗina, ɗan abin ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta, ina gwada shi a wata tsohuwar kwamfuta da Sahabi ya samo a ƙetaren iyaka. Sati uku ina fama, ko harafi ɗaya ya ƙi fitowa.

Masu wannan aiki suna da ƙa'ida. Da an kunna, duk abin da aka taras maƙale a ma'ajin kibod sai a zubar, sannan a fara sauraro. Layi uku ne kacal ke yin haka, ni kuwa na fara zarginsu.

"Mahbuba, kak ki taɓa layukkan ga," in ji Sahabi yana naɗe hannun riga zai tafi masallaci. "Abin da kit taras zubda shi akai, ba a karantawa. Rufe ki tashi, magariba ta yi."

Taurin kaina kuwa ko Inna ta sallama. Yana fita na goge layukan, na sa kwamfutar ta nuna min abin da ke ciki. Na kunna.

Fankar cikinta ta yi gurnani. Fuskar kwamfutar baƙi ƙirin. A waje na ji kiran salla ya yanke, manyan motocin iyaka ma sun yi tsit. Sai wani wari ya cika shagon, irin na tsohuwar rijiya.

Harafi ya fito. Wani ya biyo shi. Hannuwana suna kan cinyata.

AN DAINA ZUBAR DA MU.

Na fizge wayar kibod ɗin daga bayan kwamfutar. Maballan suka ci gaba da nutsewa su kaɗai, ƙas, ƙas, ƙas. Layuka suka yi ta zuba, aikin da ya gagare ni ana rubuta shi a gabana, tsaf.

Wallahi na ji tsoro. Amma kuma na ji daɗi, wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Rubutun ya tsaya.

SAURA KI YARDA. DANNA.

Wani sanyi ya kama min wuyan hannu. Yatsu ne, na ƙirga su, sun fi biyar. Suka ja ni a hankali.

Na buɗe baki in yi addu'a, ba murya.

Yatsata ta taɓa maballin.

Sai na ji sallamar Sahabi. Kallo ɗaya ya yi, ya tuma ya cire wayar batirin sola. Komai ya mutu.

"Mi kiy yi?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin danna?"

"A'a," na ce. Har gobe ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Washegari ya fasa kwamfutar da guduma. Bai tuna da filas ɗina ba, ni ma ban tuna masa ba. Da na buɗe shi na tarar da aikin a kammale. Na san ba ni na rubuta ba, na kuma ga babu layin zubarwa a ciki. Haka na kai shi ran Litinin.

Na ci, da maki mafi girma a ajinmu. Malaminmu ya yaba har ya sa aikin a kwamfutoci arba'in na ɗakin gwaji, don ƙannenmu su koya.

Makon jiya na koma karɓar takardata, la'asar sakaliya. Na bi ta gefen ɗakin. An sa kwaɗo, ba wuta tun safe.

A ciki kuwa ana ta bugun maballai, duka kwamfutoci arba'in ɗin.