Makullin da Khaulat Ta Kasa Zubawa

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Mato ya faɗo ofishin 'yan sanda, babbar riga a karkace, hula a hannu. Sufeto Tchakoura ko kokonsa bai gama sha ba.

"An yi mini sata, Sufeto. Kuma na san ɓarauniyar. 'Yar ƙanena ce, Khaulat."

Shekara goma sha bakwai Tchakoura yana wannan aiki, kuma babu abin da ya tsana kamar mai ƙarar da ya zo da ɓarawonsa a baki. Ya ture kofin, ya jawo littafi.

"Me aka ɗauka?"

"Butar tagulla. Kakanmu ne ya taho da ita da ƙafa daga Kano, zamanin fataucin goro. Da ita ake zuba wa duk jaririn gidanmu ruwa ranar aski. Jiya muna masallacin Juma'a aka buɗe ɗakin ajiya aka ɗauke ta."

"Fasa ƙofar aka yi?"

"Ina! Da makulli aka buɗe. Yana can jikin kwaɗon, na hana kowa taɓawa."

Da suka isa gidan a cikin unguwar Zongo, Sufeto ya sa hankici ya zare makullin. Kwaɗon tsoho ne, irin manyan nan na da. Makullin kuwa sabo fil, fari, babu nauyi. Na alminiyon ne, an zuba shi sumul kamar bayan cokali. A lungun haƙoransa akwai ɗan ɓurɓushin jar ƙasa mai laushi.

"Naka makullin fa, Alhaji?"

"Ga shi a aljihuna. Ba ya rabuwa da ni ko minti ɗaya."

Sufeto ya naɗe farin makullin ya sa a aljihu. Duk wanda ya ce "ko minti ɗaya", Sufeto ya san akwai minti goma da ya ɓoye.

A bayan gida ya tarar da Khaulat. Sakatariya ce a wani ofishi a unguwar Nyékonakpoè, shekarunta talatin da ɗaya. Wata biyu da suka wuce ta ga bidiyon narka ƙarfe a waya, shi ke nan abin ya shige mata rai. Ta samo tsohon bokitin ƙarfe ta shafe cikinsa da laka, ya zama murhu. Maimakon zuga-zugi, injin busar da gashi ta ɗaura a bakin bututu. Gefe guda ga tulin gwangwanayen lemo, ga akwatin katako cike da yashi.

Ba ta ko tashi ba. Gawayi take fasawa.

"Madam, ina kike jiya lokacin sallar Juma'a?"

"Nan. Ni kaɗai. Injin nan yana ƙara, ko gidan aka kwashe ba zan ji ba."

"Kin san wannan amsar ba ta taimake ki ba?"

"Gaskiya ka tambaya, ba taimako ba."

Alhaji ya yi tsalle ya dire. "Ka ji ko? Mace da narka ƙarfe! Mu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, ba maƙera ba. Wallahi yau za a farfasa bokitin nan, ke kuma ki bi Sufeto!"

"Baffa, butar nan da ita aka wanke mini kai. Ban ɗauka ba. Bokitina kuwa, duk wanda zai fasa shi sai ya fara ta kaina."

Sufeto ya durƙusa yana duba abubuwan da ta zuba. Kai, abin dariya abin tausayi! Cokali mai huji uku. Wani abu da ta ce kifi ne, shi kuwa silifa ya gani. Duk jikinsu ƙuraje. Ya damƙi yashin akwatin, ya ji shi da kaushi da danshi.

"Daga ina yashin nan?"

"Bakin teku. Da zemijan, wato ɗan acaɓa, na ɗauko shi."

"Bon, to. Ga makullin Alhaji. Zuba mini irinsa, ina kallo."

Ta harare shi, ta ɗaura ɗankwali tamau, ta hura wuta. Ta danna makullin cikin yashi, ta zare, ta narka gwangwani, ta kama tukunyar da awartaki ta tsiyaya. Yashin ya yi tsuwa, ya tofo tururi, har Alhaji ya ja da baya yana salati. Abin da ya fito ba shi da haƙori ko ɗaya. Ta sake. Na biyun ya karye tun kafin ya huce.

Sufeto ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Madam, kin fita daga zargi. Ba ki iya ba."

Da wata ce, da sai ta yi hamdala. Khaulat kuwa ranta ne ya ɓaci, har idonta ya kaɗa.

"Yau ne ban iya ba. Ka dawo bayan wata uku."

"Wa ke koya miki?"

"Waya. Na je wurin Malam Idrisu mai tukwane sau huɗu, har da goro. Ya ce zubi gadon gidansu ne, ba na mata ba, ba na 'yan ofis ba. Na ce masa a gaban mutane zan koya ko babu shi."

Sufeto ya juya wajen Alhaji. "Yanzu ka gaya mini gaskiya. Ina kake ajiye makullinka in za ka yi alwala?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "To... da la'asar nakan zauna hira a rumfar Idrisu. Wani lokaci nakan bar shi kan benci. Amma Idrisu abokina ne tun muna yara!"

Rumfar Malam Idrisu tana ƙarshen layi. Tukwanen alminiyon a jere, manya da ƙanana, suna ƙyalli. Shi kansa dattijo ne mai furfura, hannuwansa duk tabon wuta. A tsakiyar rumfar akwai tulin jar ƙasa, tankaɗaɗɗiya, laushi kamar gari, irin wadda ke lungun haƙoran makullin. Sufeto ya kalle ta sau ɗaya ya kau da kai.

"Malam, jiya ka je Juma'a?"

"Sahun farko."

"Alhaji, ka gan shi?"

Alhaji ya ce, "Da cunkoso... ban lura ba."

"Ka taɓa zuba makulli, Malam?"

"Ni tukunya nake yi. Makulli aikin ɓarayi ne."

Mutane sun fara taruwa, Khaulat ma ta biyo su, hannunta baƙi ƙirin da gawayi. Sufeto ya fito da farin makullin ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ya san irin waɗannan dattawan: duka ba ya sa su magana, amma a taɓa sana'arsu a gani.

"Ni ba zarginka na zo yi ba, shaida nake nema. Yarinyar nan ce ta zuba wannan, kuma za ta amsa laifinta. Sai dai fa ta burge ni. Wata biyu da waya kawai! Dubi aiki, babu huji, babu ƙurji. Gaskiya, Malam, ko tukwanen nan naka ba su kai shi kyau ba."

Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe waya ta yi wa Malam ritaya!"

Jijiyar wuyan Idrisu ta miƙe.

"Ita? Da yashin teku? Yashin da gishiri ya cinye? Ƙasar da aka zuba wannan sai da aka tankaɗe ta sau uku, aka bar wa iska kafa ta bayan haƙoran, aka bi shi da magagari har..."

Sai ya dafe bakinsa.

"Har me, Malam? Daga inda kake tsaye ka hango duk wannan?"

Dattijon ya zauna kan benci a hankali. Alhaji Mato ya dafe kai. "Idrisu! Kai?"

"Shekara arba'in ina gaban wuta," in ji Idrisu. "Ubana sai da na yi shekara bakwai ina tankaɗe masa ƙasa kafin ya bar ni na taɓa awartaki. Sai wata ta zo da injin gyaran gashi, yara suna yi mini waƙar tsokana. So na yi ka fasa bokitin nan, Mato. Shi ke nan abin da nake so."

"Ina butar? Ka narka ta?" Sufeto ya tambaya.

Idrisu ya dube shi kamar ya zage shi. "In narka wannan aikin? Ba ni da hankali ne?" Ya nuna tulin jar ƙasar. Da aka tona, ga buta naɗe cikin tsumma mai tsabta, har ya goge ta.

Sufeto ya sa masa ankwa. Bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan, tausayin tsohon ne ya kama shi. Alhaji ya rungume butarsa, ya kasa haɗa ido da 'yar ƙanensa.

Za su wuce ke nan Idrisu ya tsaya gaban Khaulat. Karyayyen makullin da ta zuba yana hannunta. Ya kalle shi, ya so ya yi shiru, abin ya gagare shi.

"Ke! Zubar da yashin tekun nan. Kuma kada ki ƙara tsiyaya wuta cikin jiƙaƙƙen wuri, wata rana a ido zai fashe miki."

Khaulat ta gyara tsayuwa.

"Na ji, Malam. Wannan darasi na ɗaya ke nan. Na biyun, ka gaya wa masu gadin gidan yari ina zuwa ranar Lahadi, da gorona."