Motar Da Aka Cire Wa Kujerar Baya

Raihana tana tsakar gida tana tsince zogale a faifai Baffa Dabo ya yi sallama. Sai da Inna ta yi masa tayin tabarma sau biyu kafin ya zauna, daga nan Raihana ta san ba da labari mai daɗi ya zo ba. Shi ne ƙanin mahaifinta marigayi, shi ne waliyyinta, kuma shi ya ɗauki nauyin binciken Nu'uman, malamin lissafin da magabatansa suka kawo goron neman aurenta.

Ta ja jiki za ta shige ɗaki. Tun tana ƙarama shan-inna ta shanye mata ƙafafu, a waje keke mai taya uku take tuƙawa da hannu, ga shi can a jingine bakin zaure.

"Zauna, Raihanatu, maganar taki ce," in ji Baffa. Ya juya ga Inna. "Haulatu, na je unguwarsu, limaminsu ya yabe shi. Na je makarantarsu, haka. Da a nan na tsaya, da yau rana za mu sa. To, sai Allah ya sa na bi ta garejin Kalilu."

"Gareji kuma?"

"Yaron ya sayi wata tsohuwar Golf, ƙaramar nan mai ƙofa a baya. Da idona na gani: an cire kujerar baya gaba ɗaya, an ɗaga bayan motar, an shimfiɗa ƙarfe a ƙasanta. A Daura, tun da aka rufe iyakar nan, su wa suke yi wa mota haka?"

Inna ta ajiye muciyar hannunta a hankali. "'Yan fasa-ƙwauri."

"Ina bin hanyar Mai'aduwa da dabbobi tun ba a haifi yarinyar nan ba, na san motar shinkafa ko daga nesa. Na tambayi Kalilu, ya ce mai motar ya hana shi magana. Me ya rage? Ba zan ba da 'yar ɗan'uwana ga wanda wata rana za a ce mana yana hannun kwastan ko an tsince shi a daji ba. Gobe zan mayar musu da goronsu."

Raihana ta san motar. Ta ga ranar da aka jawo ta da igiya, fentinta duk ya koɗe, fitila ɗaya a fashe, yara suna bin ta da dariya. Tun daga ranar zuwan Nu'uman zance ya ragu, in ma ya zo sai ta ga baƙin mai a ƙarƙashin faratansa. In ta tambaya sai ya yi murmushi ya ce sirri ne. Samari biyu sun taɓa zuwa kafin shi, kowanne yana cewa yana son ta "duk da haka", kowanne kuma ya ɗauke ƙafa da uwarsa ta buɗe baki. Nu'uman ne kaɗai bai taɓa ce mata "duk da haka" ba.

Ba ta taɓa ɗaga ido gaban Baffa a kan zancen aure ba. Yau ma kanta a sunkuye yake, amma ta yi magana.

"Baffa, ku gafarce ni. Kun tambayi liman, kun tambayi makaranta, kun tambayi bakanike, har motar kun tambaya. Shi ne kawai ba ku tambaya ba."

"Raihana!" in ji Inna.

Baffa ya ɗaga hannu. Ya dubi faifan zogalen, sannan ya ce, "Juma'a bayan la'asar. Ya zo da motar ƙofar gidan nan. In bai gamsar da ni ba, kada a ƙara kawo min sunansa."

Yana fita hawayen da ta danne suka zubo. Ƙanwarta Madina ta miƙo mata waya. "Yaya, ki kira shi mana, kuka ba zai ɗaga kira ba."

Da Nu'uman ya gama jin labarin sai ya ce, "Juma'a... saura birki fa."

"Ana maganar aurenmu kana maganar birki?"

"Raihana, pilis..."

"Faɗa min kawai. Shinkafa kake ɗaukowa?"

"Wallahi a'a."

"To mene ne?"

"In na faɗa miki abin kuma ya ƙi, ba zan iya kallon idonki ba. Ki yi min haƙuri zuwa Juma'a."

Ta kashe wayar ba sallama. Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne tsakanin yarda da shakka. Da safe ta tuƙa kekenta zuwa tasha, a ɗora shi a saman motar haya, a ɗauke ta a sa a kujera, har ƙauyen da take koyarwa a gefen Sandamu. Da yamma ta dawo ta tarar da gwaggonni sun zo jaje, kamar an riga an fasa. Ba ta musa wa kowa ba. Rantsuwar nan tasa kawai ta riƙe, da addu'a.

Ranar Juma'a bayan la'asar motar ta shigo lungun a hankali, an yi mata fenti shuɗi mai haske. Maƙwabta suka fito kamar masu shan iska. Nu'uman ya durƙusa ya gai da Baffa. Raihana tana daga cikin zaure, Madina a gefenta.

"Buɗe bayan," in ji Baffa.

Nu'uman ya ɗaga ƙofar baya, ya zaro wani faranti na ƙarfe mai ninki, ya sauke shi har ƙasa kamar gadar ɗora dabbobi. A cikin motar akwai layuka uku na ƙarfe, da ƙugiya a ƙarshen kowanne.

"Madina, don Allah turo keken Yayarki."

Madina ta tura. Tayoyin ukun suka hau, kowacce ta faɗa layinta, ƙugiyoyin suka kama, ƙofa ta rufu ba ta taɓa komai ba.

Baffa ya gyara hularsa. "Yaushe ka auna shi?"

"Ban taɓa keken ba, Baba. Sawunsa na auna a yashin ƙofar nan, da igiya, wata rana bayan ta shiga gida."

"Bayan motar da ka ɗaga fa?"

"Saboda hanyar makarantar su Raihana ne. In damina ta sauka, ƙaramar mota cikinta yake dukan ƙasa a wajen rafin."

Sai ya buɗe ƙofar direba. Kusa da sitiyari akwai wani ƙarfe mai mariƙi da aka naɗe da fata. "Na sauya mata giya zuwa otomatik, shi ya cinye min lokaci. Wannan in aka ja shi, totur ne. In aka tura, birki. Ba a buƙatar ƙafa. Birkin ne ya yi ta ƙin kamawa yadda nake so, sai jiya ya zauna." Ya sunkuyar da kai. "Raihana ta taɓa ce min abin da ya fi yi mata ciwo shi ne 'yan kamasho su ɗauke ta kamar kaya a gaban ɗalibanta. Ba don in riƙa kai ta na gyara ba, Baba. Don ta kai kanta ne."

Raihana ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Baffa ya leƙa cikin motar, ya ja ƙarfen, ya tura. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Astagfirullah. Na ga rabin abu na yanke hukuncin duka." Sai kuma ya nuna Nu'uman da yatsa. "Amma kai ma da naka. A garin da kowa ya san ma'anar cire kujerar baya, ka cire, ka kuma ɗaure bakin bakanike? Saura kaɗan sirrinka ya raba ka da matarka."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi. Ka ce wa magabatanka su zo ranar Lahadi a sa rana."

Daga cikin gida Inna ta rangaɗa guɗa, ita da ta ce ba ta iya ba. Nu'uman ya matso bakin zaure, ya tsaya nesa kaɗan kamar kullum.

"Kin haƙura?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Raihana daga cikin mayafi. "Amma daga yau babu sirri. Ko taya za ka sauya, sai na sani."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Kuma shuɗin ya yi haske da yawa."

Madina ta fashe da dariya.

Bincike kafin aure abu ne mai kyau, amma sai an kai shi ƙarshe, an ji ta bakin wanda ake bincika. Masoyi kuma, komai kyan niyyarsa, kada ya bar wanda yake so cikin duhu. Da Raihana ba ta yi haƙuri ta kuma faɗi gaskiyarta cikin ladabi ba, da an mayar da goro, an yi asarar mutumin kirki.

Bayan biki Nu'uman ya koya mata tuƙi a filin Idi har ta karɓi lasin. Ranar kasuwar Mai'aduwa ta farko bayan nan, ta tsaya ƙofar gidan Baffa don ta kai shi kasuwa, ta danna hon. Ya fito ya dubi motar, ya dube ta, ya shiga ya zauna a gaba yana riƙe da hularsa da hannu biyu.

"A hankali dai, Raihanatu."

"Baffa, ku saki hular," in ji ta, tana jan ƙarfen. "Birkin yana kamawa."