Ranar da Gunya Ta Kwanta

A garin Giyawa akwai wani yaro ɗan aji biyar. Babu abin da yake so a duniya kamar doki. Ko tuwo yake ci, idan ya ji haniniya sai ya ɗaga kai.

Babansa manomin shinkafa ne, amma yana da dawaki biyu a bayan gida. Ɗaya baƙin doki ne, matashi, ana ce masa Akawal. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kullum yana tonon ƙasa da kofato, yana hura hanci.

Ɗayar kuwa goɗiya ce mai launin madara, sunanta Gunya. Idanunta manya ne, masu sanyi. Idan yaron ya zo kusa, sai ta ɗora kanta a kafaɗarsa, ta yi shiru. A bayanta ya koyi hawa.

Da shinkafa ta fara nuna, Baba ya koma wuni a fadama. Wata safiya ya kira yaron bakin turke.

"Ɗana, aiki ya yi mini yawa," in ji Baba. "Daga yau dawakin ga suna hannunka. Kowane da abin da za ka koya mishi."

Yaron ya yi tsalle don murna. "Sukuwa, Baba?"

"A'a. Akawal ya iya gudu tun ran da anka haife shi. Tsayuwa ce bai iya ba. Kullum in ka taso makaranta, ka koya mishi shi tsaya cik har ka hau."

"Gunya fa?"

"Ita tafiya kaɗai, sannu sannu. Ka kai ta bakin rijiya, ka maido ta. Ban da gudu, ban da bulala."

"Don mi, Baba? Bara ai tana gudu."

Baba ya shafa wuyan Gunya, ya yi ɗan murmushi. "Bara daban, bana daban. Kai dai yi abin da nac ce."

Yaron ya ce to. Amma a ransa bai gamsu ba.

Da farko ya gwada. Aikin Akawal akwai ban haushi. Da ya sa ƙafa a likkafa, sai dokin ya juya. Ya sake sawa, ya sake juyawa. Wata rana ma har ya taka masa ɗan yatsa.

"Kai, wanga doki ba ya jin magana!" in ji yaron. Ya mayar da shi turke, ya ɗaure. Daga ranar sai dai ya zuba masa harawa da ruwa, ya wuce.

Gunya ce ya riƙa hawa. Ita ba ta gardama. Amma tafiyarta kamar ta hawainiya.

Wata rana da la'asar, a hanyar rijiya, ya gamu da abokinsa Yari a kan jaki. Yari ɗan ajinsu ne, mai yawan tsokana.

"Sannu, mai goɗiya!" in ji Yari. "Wagga tafiya haka, sai gobe ka kai rijiya?"

"Baba yac ce kar ta yi gudu."

"Ko dai ba ta iyawa? Dubi cikinta kamar randa. Kun cika ta da dusa. Wallahi jakina ya fi ta sauri."

"Ƙarya kake!"

"To mu gwada mana. Daga nan zuwa tsamiyar can."

Yaron ya dubi cikin Gunya. Lallai ta yi ƙiba. Sai ya ce a ransa, "Ƙiba ce ta hana ta gudu. In na sa ta sukuwa, za ta rage ƙiba. Baba ma zai yi murna."

Ya karyo tsumagiya a gefen hanya. Bai taɓa dukan Gunya ba. Ya ɗaga hannu, ya tsula mata.

Gunya ta zabura. Ta waiwayo ta dube shi, kamar ba ta yarda shi ne ba. Ya ƙara mata. Sai ta kwasa da gudu.

Sun wuce jakin Yari tun kafin a je ko'ina. Iska tana kaɗa rigar yaron, yana ihu don daɗi. Da suka kai tsamiya bai tsaya ba. Ya juya ta, suka sake dawowa a guje. Ya kuma sake.

Da suka isa rijiya, gumi ya jiƙe Gunya sharkaf. Numfashinta yana fita da ƙarfi. Ta kafa baki a kwamin shayar da dabbobi, ta yi ta shan ruwa. Yaron ya bar ta ta sha iya cikinta.

A hanyar gida ta fara tsayawa. Ta yi taku kaɗan, ta tsaya. Ya sauka ya ja ta da ragama. Suna shiga bayan gida, ƙafafunta suka lanƙwashe. Ta zube ƙasa, rim!

Yaron ya daskare. Bai taɓa ganin Gunya a kwance da rana ba. Tana nishi, tana juya kai tana duban cikinta.

"Inna!" ya yi kira. "Inna, taho!"

Inna ta fito da muciya a hannu. Ƙanwarsa Rumaisa tana biye da ita. Inna ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari.

"Kai, wanga yaro, mi ya faru?" Sai ta ga goɗiyar. Muciyar ta faɗi daga hannunta. "Inna lillahi! Mi yas same ta?"

"Gudu... gudu kaɗan munka yi."

Inna ta duƙa. Ta ga gumin. Ta ga shatar tsumagiya a cinyar Gunya. Ta ɗago ta dube shi.

"Gudu? Kai ka sa ta gudu? Ciki gare ta!"

Yaron ya dubi cikin goɗiyar.

"Ciki?" ya ce da ƙyar. "Ɗa? A cikin nan?"

"Ɗa mana! Ta kusa haihuwa. Yanzu in ba Allah ya kiyaye ba, mu rasa ɗan, mu rasa uwar."

"Amma ba wanda yag gaya mini!"

"Ana shelar irin wannan? Babanka ya ɓoye ne don gudun bakin mutane. Ko maƙwabta ba su sani ba. Ba ya ce maka ban da gudu ba?"

Yaron ya tuna yadda Gunya ta waiwayo ta dube shi. Hawaye suka zubo masa.

"Ba lokacin kuka ba ne," in ji Inna. "Rumaisa, ɗauko waya a kira Babanku."

Rumaisa ta ruga ɗaki, ta dawo jiki a sanyaye. "Inna, ga wayar Baba nan. Ya bar ta a caji."

Fadama tana da nisa. Mazan unguwa duk suna can wurin shinkafa, da baburansu. Inna ta dubi yaron. Yaron ya dubi turke.

Akawal yana tsaye yana tonon ƙasa. Ya daɗe ba a hau shi ba. Ƙarfi ya cika masa jiki.

"Za ka iya?" in ji Inna.

"Zan gwada."

Ya ɗaura sirdi. Ya sa linzami. Ya sa ƙafa a likkafa, sai Akawal ya juya. Ya sake sawa, dokin ya ja da baya. Ya sake, Akawal ya yi gefe, yaron ya faɗi zaune a ƙasa.

Can gefe Gunya ta yi wani dogon nishi.

"Yaya, yi sauri!" Rumaisa ta ce tana kuka.

Yaron ya tashi. Sai yanzu ya gane. Wannan tsayuwar ce Baba ya ce ya koya wa Akawal. Da ya koya masa, da yanzu ya yi nisa.

Ya ga tsumagiyar nan a ƙasa. Ya dube ta, ya sa ƙafa ya ture ta gefe. Ya matsa kusa da Akawal a hankali. Ya ɗora tafin hannu a wuyansa, kamar yadda yake ganin Baba yana yi.

"Akawal," ya ce da murya ƙasa ƙasa. "Na san na yi banza da kai. Ka yi haƙuri. Tsaya mini yau kaɗai. Don Gunya."

Ya yi ta shafa shi. Bai yi gaggawa ba. Kunnuwan dokin suka daina motsi. Kofatonsa ya daina tono. Ya sauke numfashi.

Yaron ya sa ƙafa. Akawal ya ɗan motsa, sannan ya tsaya. Yaron ya haye.

"Allah shi kiyaye!" in ji Inna.

Abin da ya biyo baya, yaron bai taɓa ganin irinsa ba. Akawal ya miƙe kamar kibiya. Gonakin dawa suna wucewa ta gefe, fuu! Yaron ya manne da sirdi, ya riƙe linzami gam. Ashe wannan ne gudu. Wanda ya tilasta wa Gunya wahala ce kawai.

Baba yana cikin shinkafa ya hango baƙin doki tafe. Ya saki lauje ya fito.

"Lafiya? Mi ya kawo ka haka?"

"Baba, Gunya ta kwanta. Ni na sa ta gudu. Na buge ta. Na bar ta ta sha ruwa da yawa."

Baba ya tsaya kamar an dasa shi. Bai yi faɗa ba. Rashin faɗan nan ya fi wa yaron duka zafi.

"Koma gida sannu," in ji Baba. "Kar ka ƙara wahal da wanga shi ma."

Ya ari babur ɗin maƙwabcin gonarsa. Ya tafi ɗauko Malam Almustapha, malamin dabbobi.

Kafin magariba sun iso. Malam Almustapha ya duba idon Gunya. Ya kara kunne a cikinta. Ya yi mata allura. Sannan suka taru suka tashe ta tsaye.

"Kai, taho nan," ya ce wa yaron. "Riƙe ragama. Ka yi ta zagayawa da ita sannu sannu. Kar ka bari ta sake kwanciya."

"Malam, ɗan yana da rai?"

"Ban ji motsinsa ba tukuna. Sai mu jira, mu yi addu'a."

Yaron ya yi ta zagayawa da ita. Yana tafe yana ba ta haƙuri a kunne. Da aka kira isha'i, nishinta ya ragu. Amma ɗan bai motsa ba.

Washegari a makaranta ya kasa karatu. Malama Rahinatu, malamar ajinsu, ta lura. Da aka fita hutun tara ta kira shi.

"Yau ba ka ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Mi ke damunka?"

Ya gaya mata komai. Yari yana bakin taga yana ji, kansa a sunkuye.

Malama ta ce, "Ka lura da yadda nake yi da ku a aji? Kai, kullum ina ce maka ka rage sauri, ka duba aikinka. Murja kuwa ina ce mata ta buɗa baki ta yi magana. Don mi ban gaya muku abu ɗaya ba?"

"Don ba halinmu ɗaya ba, Malama."

"To, haka dawakinka. Kuma in babba ya hana ka abu, akwai dalili, ko bai faɗa ba. In ba ka gane ba, sake tambaya. Kar ka yanke hukunci kai kaɗai."

Ana tashi ya ruga gida. Ya tarar da Baba tsaye kusa da Gunya. Tana cin harawa.

"Kawo hannunka," in ji Baba.

Ya kama hannun yaron, ya ɗora a gefen cikinta. Shiru. Shiru. Sai wani abu ya yi ɗan shuri a ƙarƙashin tafinsa.

Yaron ya zabura, ya ja da baya. "Baba! Ya motsa! Ya harbe ni!"

Baba ya yi dariya, karo na farko tun jiya. "Ya rama wa uwarsa ke nan."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Ni ma da na gaya maka, tunda kai na ba amana. Amma ita fa? Ka roƙe ta?"

Yaron ya matsa kusa da Gunya. Ta dube shi da manyan idanunta. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗora kanta a kafaɗarsa, kamar da.

Daga ranar bai sake haɗa aikinsu ba. Gunya tafiya sannu zuwa rijiya, yana jan ta a ƙasa. Akawal kuwa darasin tsayuwa kullum. Wata rana ya yi daidai, wata rana ya ƙi. Yaron bai ƙara yin fushi ba. Yari ma yakan zo ya riƙe masa ragama.

Bayan an gama yankan shinkafa, wata safiya Rumaisa ta shigo da gudu.

"Yaya! Yaya! Dawakinmu sun zama uku!"

Ga ɗan Gunya nan kusa da uwarsa, ɗan ƙarami, ƙafafu dogaye kamar kara. Yana tashi yana faɗuwa.

"To, mai dawaki," in ji Baba. "Shi kuma wanga, mi za ka koya mishi? Gudu ko tsayuwa?"

Yaron ya durƙusa yana kallonsa. "Ba ko ɗaya tukuna, Baba. Sai na san halinsa."

Baba ya dafa kansa.

Yara, ku tuna da wannan. Kowane mai rai da halinsa, kuma da abin da ya dace da shi. Kada ku tilasta wa wani ya zama kamar wani. Idan iyaye suka hana ku abu, ku bi, ku yi tambaya cikin ladabi. Sau da yawa sun san abin da ba ku sani ba.