Littafin da Ya Ƙi Hawa Takarda

Ranar wata Laraba bayan magariba, Shafi'i na cin tuwo a tsakar gidansu da ke Roni, sai dutse ya faɗo kan rufin ɗakin mahaifinsa. Wani ya biyo baya. Wata huɗu ke nan ɗakin yana kulle, tun rasuwar mahaifin nasa, Malam Kaumi, amma daga ciki sai ga ƙarar danna kwamfuta, ƙas, ƙas, a hankali.

Shekara tara marigayin ya yi yana rubuta littafin magungunan itatuwa da ajami, a wata tsohuwar kwamfuta mai manhajar da ba kowa ke da ita ba. Mako guda bayan jana'iza ita ma ta mutu, aka bar littafin a filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta. Shafi'i ya kai shi shagunan buga takardu na Kazaure, ya kai shi Babura. Duk inda aka buɗe, sai 'yan akwatuna da alamun tambaya su cika shafi.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu ƙanwarsa Zulaikha ta faɗi gaban murhu, ta tashi da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Muhammadu Lawal, mai ruƙiyya, daga Gwiwa. Ya daɗe yana karatu kafin ta ɗago kai.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mai littafin. Ni na riƙa faɗa wa Kaumi, shi yana rubutawa. Ya yi alkawarin zai sa a takarda mutane su amfana."

Shafi'i ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, na gwada. Ba injin da ke iya karanta shi."

"Ko ka maimaita mana," malamin ya ce, "mu rubuta da hannu."

"Sau ɗaya aka ba ni izinin faɗa."

Malamin ya ci gaba da karatu har muryar ta fara nishi.

"Zan tafi," in ji ta. "Amma zan kwashe abina, duk inda ya zauna a gidan nan."

"Kwashe, ka bar yarinyar."

Zulaikha ta yi atishawa uku, barci ya ɗauke ta. Jifa ta tsaya.

Da safe ta tashi lafiya, ta yi shara, ta dama koko. Shafi'i ya ji sanyi a ransa. Ya ce mata, "Da Baba na nan, da ya ji daɗin ganinki haka."

Ta tsaya da ludayi a hannu, tana dubansa. A da, ita ce ke zama kusa da tsohon kullum in yana rubutu, tana jin komai.

"Yaya," ta ce, "wane Baba?"

Mahaifiyarsu ta nuna mata hotonsa, ta nuna mata hularsa. Zulaikha ta duba da ladabi, kamar an ba ta kayan baƙo, ta miƙa mata, ta koma kan kokonta.