Kunnen Jibril

A tsakar gidan Inna Kande da ke Sandamu mata na ta lugude, jariri Jibril kuwa na gefen turmi yana sharar barci.

"Kun ga mijin nawa?" in ji Inna, kakarsa. "Haƙurin kakansa ya ɗauko! Ko tsawa ba ta tashinsa."

Zubaida, uwar yaron, ta sunkuyar da kai. Ta daɗe da lura ko murfin tukunya ya faɗi ba ya firgita. To amma ɗan fari ne, ga shi sunan marigayi surukinta ya ci. 'Yar mutunci ba ta kiran sunan irin wannan ɗa, balle ta yi zancensa gaban uwar miji. Tun a asibitin Daura nas ta ce a tsaya a yi masa gwajin ji, Inna ta naɗe jikanta a zane, ta ce kunnen da za a yi wa huɗuba ba ya bukatar waya.

Aka yaye Jibril bai ce uffan ba. Nan take haƙurin kakansa ya koma ciwon dangin uwa.

"Munzali, zuri'armu ba kurma!" Inna ta gaya wa ɗanta. "Daga gidansu ta kwaso. Ka sallame ta, ka bar mini yaron!"

Munzali na son matarsa, irin son nan da muryarsa ke shaƙewa in uwa na kusa. Ya same ta a ɗaki tana hawaye.

"Zuby, ko za ki ɗan je gida har ta huce?"

"In je gida? Yaya, sunansa Jibril! Na faɗa, kunya ta ƙare! Ɗana ne, ba ya ji, kuma gobe asibiti zan kai shi, ko da kai ko ba kai!"

Da safe shi ya tayar da babur.

Daga Daura aka tura su Katsina. Likita ya tabbatar Jibril ba ya ji, ya ce da an gwada tun yana jariri da yanzu ya yi nisa da koyo. Aka sa wa yaron na'urar ji, iyayen suka shiga koyon maganar hannu, suka kama haya a Daura. Zubaida ta rantse a ranta: tsohuwar nan ba za ta samu ko alama ɗaya daga hannunta ba.

Ta kuwa cika. Ranar Sallah a Sandamu, Jibril na zuba hira da hannu, iyayensa na ƙyalƙyala dariya, Inna na zaune kamar baƙuwa a gidanta.

"Me mijin nawa ya ce?"

"Ba komai, Inna," in ji Zubaida, har da rusunawa. "Ai kin san shi, mai haƙuri ne."

Duk zuwa haka ake yi. Zubaida ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ladabi ma ya isa.

Da ta haifi Siddiƙa, Inna ce ta riga kowa zuwa asibiti. Ta miƙa wa nas jaririyar.

"'Yar nan, sa mata wayar. Duka kunnuwan!"

Ta dawo bakin gado, ta daɗe tana kallon Jibril da ke wasa a ƙofa.

"Zubaida... yaya ake ce masa ina son sa?"

Zubaida na da jawabin da ta yi shekaru tana wasawa domin wannan rana. Ta dubi hannun da tsohuwar ta miƙo mata. Sai ta kama yatsun, ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

Jibril ya gani, ya kwashe da dariya, ya rugo ya gyara wa kakarsa babban yatsa.

Ramuwa ta yi wa Zubaida daɗi, ba a musu, amma haƙurinta ne ya riƙe gidan. Kunya kuwa ado ce, sai dai ba a taɓa jin ta warkar da kunne ba. In jariri ya cika barci a gefen turmi, kafin a yabi halinsa, a kai shi a gwada.